Me ya sa injin yanka sitika ke kauce wa layin zane?

"Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan da na sayi ƙaramin injin yanka irin na gida. Ina buga sitika da firinta, sannan in ba shi ya yanke. Matsalata biyu ce. Wani lokaci sai ya yi ta zagaye yana haska takarda, daga ƙarshe ya ce bai ga alamomi ba, musamman idan na rufe sitikar da leda mai sheƙi. Idan kuma ya yarda ya yanka, na saman takarda su fita daidai, na ƙasa kuwa yankan ya ci gefen hoto, ɗaya gefen ya bar fari. Na canza reza amma ba ta sauya zani ba. Injin ne ya lalace, ko ni ce ban iya ba?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan na fahimce ki, abu biyu ke damun ki: injin yana ƙin karanta alamomin da ke jikin takarda idan akwai leda a kai, idan kuma ya karanta, yankansa yana kaucewa, kaucewar tana ƙaruwa yayin da yake gangarowa ƙasa. Tun kafin in yi nisa bari in kwantar miki da hankali, da wuya a ce injin ya lalace, domin lalataccen inji ba kasafai yake yanka na sama daidai ba. Reza ma ba ruwanta, shi ya sa canza ta bai amfana komai ba. Reza idan ta dakushe yaga takarda take yi, ko ta bar wani wuri bai yanku ba, amma ba ta matsar da layi daga inda aka ce ta bi. Tunda ba ki faɗi sunan injin naki ba, zan yi maganar yadda za ta shafi ukun da aka fi samu a hannun masu aikin gida: Cricut, Silhouette da Brother ScanNCut.

Abin da injin ke gani

Kusan duk wanda ya fara wannan aiki yana ɗauka injin kallon hoton yake yi yana bin gefensa, kamar yadda mutum zai bi da almakashi. A Cricut da Silhouette ba haka abin yake ba. Furen da kika zana, ko rubutun da kika buga, injin bai san suna kan takardar ba. Abin da ke hannunsa layin yanka ne da manhaja ta aiko masa a matsayin lissafi: daga wuri kaza tafi milimita kaza dama, lanƙwasa, sauko milimita kaza. Abu ɗaya ya rage masa ya sani, wato a ina takardar take a kan tabarmar yanka (shimfiɗa mai danƙo da ake manna takarda a kai kafin a sa ta cikin inji), kuma ta zauna daidai ko ta karkace. Wannan ne dalilin baƙaƙen alamomin da manhaja ke ƙarawa a gefen zane lokacin bugawa.

Kusa da mariƙin reza akwai ɗan ƙaramin ido mai fitila. Yana haska takarda, ya auna hasken da ya dawo masa. Fari yana maido da haske da yawa, baƙi yana shanye shi, don haka inda hasken ya faɗi farat ɗaya, nan ne bakin alama. Silhouette ya daɗe yana amfani da alamomi uku: ƙaramin baƙin murabba'i a kusurwar sama ta hagu, da lanƙwasassun layuka biyu, ɗaya a sama dama, ɗaya a ƙasa hagu. Cricut a da yakan zagaye zanen gaba ɗaya da baƙin layi, daga baya ya koma sa alamomi a kusurwoyi. Brother ScanNCut ne ya bambanta, domin yana da na'urar ɗaukar hoto a cikinsa, yana iya duba takardar ya ciro layin yanka daga gefen hoton kansa. Shi kuma tasa matsalar ita ce hoto mai gefe fari-fari a kan farar takarda, ba ya gane inda hoton ya ƙare.

To, duk abin da ke tsakanin alamomin nan, injin amana ya ɗauka. Ya yarda cewa firinta ta ajiye kowane ɗigo a daidai inda manhaja ta ce, kuma takardar ba ta miƙe ba, ba ta takure ba, ba ta motsa ba tun daga lokacin da aka buga ta. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, injin zai yanka layinsa daidai bisa lissafi, hoton ne ba ya wurin. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki: ana zargin inji, alhali aikin firinta ne.

Ki karanta kuskuren kafin ki taɓa komai

Kada ki zubar da takardar da ta ɓaci. Ɗauko ta da rula mai milimita, ki duba sitika huɗu na kusurwoyi da ɗaya ta tsakiya, ki auna ta wane gefe yankan ya kauce kuma da nawa. Siffar kaucewar ita ke nuna inda ciwon yake, kuma ta fi duk wata shawara da wani zai ba ki daga nesa, har da tawa.

Idan kaucewar iri ɗaya ce ko'ina, a ce kowace sitika an ci milimita ɗaya ta hagu daga sama har ƙasa, to tazarar da ke tsakanin idon injin da tsinin reza ce ba ta yi daidai da abin da injin ke zato ba. Ido yana wuri guda, reza tana wani, injin kuma yana riƙe da wani adadi na nisan da ke tsakaninsu. Gyaran wannan shi ne saita inji, kuma kowace manhaja tana da wurin yinsa. A Design Space, manhajar Cricut, za ki buga takardar gwaji, injin ya yanka ƙaramin murabba'i, sannan ya yanka jerin layuka a sama da gefe. Ke kuma ki zaɓi lamba da harafin layin da yankan ya fi faɗawa tsakiyarsa. Ki yi wannan a farar takarda marar sheƙi, ki duba da haske mai kyau, kada ki yi zaɓin da ka.

Amma naki ba wannan ba ne. Kin ce na sama daidai, na ƙasa a kauce. Kuskuren da ke girma da nisa, girman bugu ne ya canza. Saita inji sau goma ba zai taɓa shi ba, domin saiti matsar da yanka yake yi gaba ɗaya zuwa gefe guda, ba ya miƙa shi ko ya takure shi. Kina gyara ƙasa, sama zai ɓaci.

Babban wanda nake zargi shi ne zaɓin nan na firinta da ke cewa Fit to page, ko wani suna mai kama da shi, wanda ke rage hoto ya shiga cikin takarda. Abin da ake so shi ne Actual size, ko kashi 100. Wannan yana haɗuwa da rikicin girman takarda. A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Takardar da ake kira Letter, wadda ake amfani da ita a Amurka, inci 8.5 ce da inci 11, wato kusan milimita 216 da 279. Da ido kamar ɗaya suke. Manhajojin nan sau da yawa a kan Letter suke zuwa. Idan manhaja ta shirya shafi a Letter, firinta kuma tana da A4 tana ragewa don ya shiga, komai zai koma kusan kashi 97 cikin 100. A sitikar farko da ke kusa da kusurwar da injin ya fara aunawa, ragin bai kai a gani ba. Bayan milimita 200 kuwa ya haura milimita 5. Ko ragin kashi 1 ne kawai, milimita 2 ke nan a ƙasan takarda, kuma milimita 2 a jikin sitika ba ta ɓuya. Wani lokaci injin yakan rage ɓarnar da kansa idan ya auna nisan alamomi, wani lokaci kuma ya nemi alamar a inda ya kamata ta kasance, ya rasa, ya ce bai gani ba. Ke nan abu guda na iya haifar da matsalolinki duka biyu.

Akwai kishiyar wannan da mutane ba su cika lura da ita ba: bugu marar gefe, wanda ke cika takarda har baki. Don kada a bar farin layi a bakin takarda, firinta tana ɗan ƙara girman hoton ne ya zarce. Ki kashe shi duk lokacin da za ki buga abin yanka.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin minti biyar. Zana murabba'i mai milimita 100 kowane gefe a cikin manhajar yankan, ki buga ta hanyar da kika saba, ki auna faɗi da tsawo. Idan duka biyun sun ragu daidai wa daida, zaɓin rage girma ne. A Design Space sai kin kunna Use System Dialog kafin akwatin saitin firinta ya fito miki, kuma yakan ɓuya a bayan tagar manhaja, ki neme shi. Idan kuwa faɗi ya cika 100 amma tsawo ya gaza ko ya zarce, to takardar ce ke sulɓewa a cikin firinta. Ledar sitika da ake bugawa a kanta tana da santsi da kauri, robobin da ke jan takarda ba sa kama ta kamar yadda suke kama takardar rubutu. Maganinsa a sa takarda ɗai-ɗai, ta ƙofar baya idan firintar tana da ita don kada ta lanƙwashe, a matse maƙallan gefe su riƙe ta, a goge robobin jan takarda, sannan a zaɓi irin takarda mai kauri a saiti don firinta ta ja a hankali.

Ni kaina na taɓa ɓata takardu masu yawa a dare ɗaya a kan wannan. Na sabunta manhajar firinta da rana, ashe ta mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, har da rage girma. Na saita inji, na canza tabarma, na kwance mariƙin reza na goge, sai can da na gaji na ɗora rula a kan bugun. Tun daga ranar, kowane aiki babba da murabba'in gwaji nake fara shi.

Siffa ta uku ita ce kaucewar da ba ta da tsari, wannan sitika hagu, waccan dama, ko ta fara daidai sai daga tsakiyar aiki komai ya goce. Nan motsi ne aka samu ana cikin yanka. Tabarmar da danƙonta ya mutu tana sakin takarda. Tabarmar da ta bugi bango a bayan inji tana tsayawa na ɗan lokaci alhali injin yana zaton tana tafiya, don haka ki bar fili a baya wanda ya kai tsawon tabarmar. Ƙarfin danna reza idan ya yi yawa shi ma yana jan takarda, musamman mai leda. Na fi son in rage ƙarfi in sa injin ya bi layin sau biyu.

Leda mai sheƙi

Tunda idon injin hasken da ya dawo yake aunawa, sheƙi yana ruɗa shi. Baƙar alama a ƙarƙashin leda mai ƙyalli tana iya maido da haske kamar madubi, sai ido ya ga fari a inda baƙi yake. Hanya mafi tsafta ita ce kada ledar ta hau alamomin sam. Yanke ledar ta yi ƙasa da takardar, ta rufe hotuna kawai, kusurwoyi su zauna tsirara. Idan takardar kanta ce mai sheƙi, manna salatif marar ƙyalli, irin mai dusu-dusu da ake iya rubutu a kansa, a kan kowace alama, ki shafe shi sosai kada iska ta maƙale a ƙasa. Hasken ɗaki ma yana da tasiri. Rana da ke faɗowa ta taga kai tsaye, ko fitila a saman inji, suna shiga idon. Juya injin, ko ki kashe fitilar, ko ki sauke murfin idan naki yana aiki a rufe, har ya gama karatu.

Ki duba alamomin kansu. Idan baƙar tawada ta kusa ƙarewa, ko kina bugawa a saitin tsimin tawada, alamar za ta fito toka-toka ko da zane-zanen fari a ciki. Wasu suna bin ta da baƙar maka da rula. Yana aiki, amma hannu ya ɗan kauce kin matsar da alamar ke nan, yankan kuma zai bi ta. Gara a sake bugawa. Idon ma yana tara ƙurar takarda, busasshen burushi mai laushi ya ishe shi. Sai kuma launin takarda: tsohon Cricut Explore farar takarda yake so, Cricut Maker yana iya karanta mai launi idan bai yi duhu ba. Ƙaramin Cricut Joy na farko ba shi da wannan ido ko kaɗan, Joy Xtra ne ke da shi.

Wani abu game da leda da ya shafi kaucewar ma: idan kika ja ta da ƙarfi wajen mannawa, za ta koma ta takure, ta lanƙwasa takardar ta kuma rage mata tsawo kaɗan. Ki kwantar da ita a hankali da kati, ba tare da ja ba. Kuma ki bar tawada ta bushe tukuna. Takardar da ta sha tawada tana kumbura, sai ta bushe take komawa, kuma leda a kan ɗanyen bugu tana kulle damshin a ciki. Ni nakan bar bugu mai cike da launi ya kwana idan ba sauri ake ba. Idan firintarki ta leza ce, ki tabbata an rubuta a kwalin ledar sitikar cewa ta leza ce, domin zafin da ke narkar da garin tawada a ciki yana iya narkar da ledar da aka yi don firinta mai fesa tawada, ya ɓata firintar kanta.

Ki bar wa kuskure wuri a cikin zane

Ko kin gyara duk abin da na lissafa, injin gida ba zai faɗa kan layi ɗari bisa ɗari a kowace sitika ba. Robobi ne ke jan tabarma gaba da baya, reza kuma ba a tuƙa ta, jan ta ake yi tana juyawa da kanta kamar tayar keken turawa, shi ya sa kusurwa mai tsini ke fitowa da ɗan lanƙwasa. A nawa aikin, kaucewar da ba ta wuce rabin milimita ba na ɗauke ta lafiya. A injin mai alamomi uku, kusurwar ƙasa ta dama ce ba ta da alama, can ne kuskure ya fi taruwa, don haka abin da ya fi buƙatar daidaito nakan ajiye shi sama.

Masu sitikar da kike gani tsaf ba inji na daban gare su ba, zanensu ne ke ɓoye kuskuren. Hanya biyu ce. Ta farko farin gefe zagaye da hoto, abin da manhajojin ke kira Offset. Idan gefen milimita 2 ko 3 ne, kaucewar rabin milimita ba mai lura da ita. Idan kika yi shi siriri kamar milimita 1, wannan kaucewar ta rabin milimita za ta sa gefe ɗaya ya ninka ɗaya sau uku, kowa ya gani. Ta biyu, idan kina son launi ya kai baki ba fari, ki bar Bleed a kunne. Shi yana zarce da launin waje da layin yanka, bugun ya fito kamar ya ɗan yi kauri ko ya jiƙe a gefe. Da yawa suna ganin haka su ɗauka firinta ce ta ɓaci su kashe shi, alhali wannan rarar ce reza za ta yanke ta zubar. Abin da nake hana masu koyo shi ne siririn baƙin layi a daidai bakin sitika. Babu abin da ke tona asirin kaucewa kamarsa.

A Design Space, idan zanen yana da sassa da yawa, sai kin haɗa su da farin bayansu kin danna Flatten, in ba haka ba injin zai yanka kowane harafi shi kaɗai. Hoton da aka cire wa baya kuma yakan bar ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, injin ya je yana sassaka su. Ki ƙara girman hoton a allo ki share su. Bayan kin buga kuma kada ki motsa komai a shafin, ko da kaɗan, domin layin yankan zai tashi daga inda hoton yake a takarda.

Zurfin yanka magana ce daban amma za ki ci karo da ita. Idan shafin sitika kike so, reza za ta yanka saman ne kawai ta bar takardar baya. Idan ɗai-ɗai kike so, ta ratsa duka. A Silhouette lambobin reza daga 1 zuwa 10 suke, kowace lamba kashi ɗaya cikin goma na milimita, ƙarfin dannawa kuma daban ake saita shi. Kowace irin takarda da nata, leda kuma tana ƙara kauri, saboda haka ki yi yankan gwaji a gefen da ba hoto, ki rubuta lambobin da suka yi a bayan kwalin takardar. Wajen cirewa, kifa tabarmar ki ɓare ta daga jikin takarda, kada ki ja takardar sama, za ta nannaɗe.

Ban ga takardarki ba, kuma daga bayani kawai ba zan rantse cewa girman bugu ne ba, sai dai alamun da kika ba ni can suka nuna. Ki fara da murabba'in milimita 100 a farar takarda ba leda. Idan ya cika ta ko'ina, ki buga shafin sitikarki a farar takarda ki yanka. Ya fita daidai, to ledar ce ko yadda kike manna ta. Ya kauce iri ɗaya ko'ina, ki saita inji. Idan kuwa bugu ya cika, tabarma sabuwa ce, kin saita, amma har yanzu ko'ina da irin tasa kaucewar, ki kama mariƙin reza da yatsa inji a kashe ki ji ko yana girgiɗi, ki duba ko robobin jan tabarma sun tsage ko sun goce daga wurinsu. Wannan kam ya wuce gyaran saiti, sai ki ɗauki hoton takardar da rula a kanta ki aika wa kamfanin tun garantin bai ƙare ba.